Hoton Asibiti da Mai Juna Biyu: Yaushe Larura Kan Sa a Raba Uwa da Ciki?

Jawabin da kwamitin lafiya na ƙungiya ya gabatar a taron shekara-shekara



Mai girma shugaban taro, mai girma uban ƙasa da 'yan majalisarsa, malamanmu, iyayenmu maza da mata, shugabannin rassan ƙungiya da suka taso daga birane daban-daban, 'yan'uwa maza da mata. Muna godiya ga Allah da Ya sake tara mu a gida lafiya, muna kuma godiya ga shugabannin ƙungiya da suka bai wa kwamitin lafiya wannan dama.

Gabatarwa

Mu da muke zaune a birane mun san nauyin da ke kanmu. Idan ciwo ya gagari asibitin gida, gidajenmu ne masauki. Mu ake kira a waya da tsakar dare, mu ke raka mara lafiya ganin likita, kuma sau da yawa mu ake jira mu yanke shawara, ko da kuwa ba mu taɓa karanta aikin asibiti ba.

Akwai tambayoyi uku da ke yawan zuwa wa 'yan wannan kwamiti. Ta farko, an ɗauki mace hoto a asibiti, bayan 'yan makonni sai ga ciki ya bayyana, wani kuma ya ce ai ɗan zai fito da nakasa, gara a zubar. Ta biyu, mai ciki tana fama da tari ko ta yi hatsari, likita ya rubuta hoto, dangi suka hana. Ta uku, likitoci sun ce barin cikin zai iya kashe uwar, miji da iyaye suka ce ba su san zancen ba. A kowace ɗaya daga cikin ukun nan akwai rai a kan siraɗi. Shi ya sa muka ga ya dace mu zauna mu warware zare da abawa.

Ba duk hoto ne ɗaya ba

A bakin mutanenmu, duk abin da aka yi da na'ura a asibiti hoto ne. Amma na'urorin sun bambanta ƙwarai.

Sikanin, wato hoton da ake shafa mai a ciki a goga wani ɗan abu a kai, da sauti yake aiki, sautin da kunne ba ya ji. Wani likitan mata a Gilasgo ta ƙasar Sukotlan, Ian Donald, shi da abokan aikinsa ne suka buga sakamakon amfani da shi a 1958. Ba shi da haske mai ratsa jiki ko kaɗan, kuma shi ne hoton da aka fi yi wa masu ciki a wajen awo. Haka ma hoton MRI, da maganaɗisu yake aiki. Abin da ake kauce wa a wajensa ga mai ciki shi ne wani ruwa da akan yi allurarsa don hoton ya ƙara fitowa, sai in ya zama dole.

Waɗanda maganarmu ta shafa su ne masu amfani da haske mai ratsa jiki. Na farko shi ne eksire, wanda Bajamushe Wilhelm Röntgen ya gano a 1895, shi ake ɗaukar ƙirji da karaya da haƙori da shi. Na biyu hoton CT, wanda aka fara yi wa mara lafiya a Landan a 1971. Shi ma hasken eksire ne, sai dai yana zagaye jiki yana ɗauka yanka-yanka, don haka haskensa ya fi yawa. Na uku shi ne gwajin da ake ba mutum sinadari mai fitar da haske ya sha ko a yi masa allura. Ban da waɗannan kuma akwai gashin cutar daji, wanda shi magani ne, haskensa kuma ya ninka na hoto sau dubbai.

Daga ina tsoron ya samo asali?

Tsoron nan yana da tushe, ba mu ce shaci-faɗi ne ba. Bayan bama-baman nukiliya da Amurka ta jefa a Hiroshima da Nagasaki a 1945, an bi diddigin yaran da suke ciki a lokacin. Daga cikin waɗanda iyayensu mata ke kusa da inda bam ya tashi, an sami masu ƙaramin kai da masu raunin ƙwaƙwalwa. Sannan a 1956 wata likita a Jami'ar Okisfod ta Ingila, Alice Stewart, ta nuna cewa yaran da aka ɗauki iyayensu hoton eksire na ciki suna ɗauke da su sun fi sauran yara kamuwa da sankara. A wancan zamani a Turai ana ɗaukar ƙugun mai ciki hoto don kawai a auna ko kan ɗa zai wuce. Binciken nata ya taimaka aka daina wannan al'ada.

Amma tsoro idan ya wuce gona da iri shi ma ɓarna yake yi. Da tashar nukiliya ta Canobil ta fashe a ranar 26 ga Afrilu, 1986, firgici ya game Turai. A ƙasar Girka kaɗai, masu bincike sun ƙiyasta cewa an zubar da ciki kimanin 2,500 waɗanda iyayensu ke so, alhali hasken da ya isa ƙasar bai kai ya nakasa ko da tayi ɗaya ba. An guje wa gara, an faɗa gidan zago.

Maganar ma'auni

Gishiri kaɗan gyaran miya ne, idan aka juye kwano guda kuwa sai zubarwa. Haka hasken nan yake, yawansa ne abin dubawa. Ma'aunin da ake auna abin da ya isa ga tayi sunansa miligire.

Ko ba a je asibiti ba, akwai irin wannan haske a ƙasar da muke takawa, da duwatsu, da iska, da sararin sama. A cikin wata tara, tayi kan sami kimanin miligire 1 daga wannan kaɗai. To ga abin da hotuna ke kai masa, bisa ƙiyasin Ƙungiyar Likitocin Mata da Haihuwa ta Amurka:

Hoton hannu ko ƙafa bai kai miligire 0.001 ba. Hoton ƙirji bai wuce 0.01 ba, haka ma hoton nono. CT na ƙirji bai kai miligire 1 ba. Eksire na ciki daga 0.1 zuwa 3, na ƙashin bayan ƙugu daga 1 zuwa 10. CT na ciki yakan kai 35, na ƙugu kuwa, wanda ya fi kowanne, daga 10 zuwa 50.

Ita wannan ƙungiya ta ce ƙasa da miligire 50 ba a ga ƙarin ɓari ko nakasa ba. Hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga haske mai ratsa jiki, wadda ake kira ICRP, a rahotonta na shekarar 2000 ta bayyana ƙarara cewa hasken da bai kai miligire 100 ba, ba hujja ba ne na zubar da ciki. Mu yi lissafi tare. Kafin hoton ƙirji ya tara miligire 50, sai an ɗauki mace sau 5,000. Kafin ya kai 100, sai sau 10,000. Hoton ƙirji guda bai wuce kashi ɗaya cikin ɗari na abin da tayi ke samu daga ƙasa da iska ba.

Watannin ciki da abin da ke tattare da su

Illar haske mai yawa ta danganta da lokacin da ya sami tayi. A nan ana ƙirga makonni ne daga shigar ciki, ƙirgen katin awo kuwa daga jinin al'ada na ƙarshe yake farawa, don haka ya fi wannan da mako biyu.

A mako biyun farko, tayi ɗan dunƙulen ƙwayoyin halitta ne da ba su rarrabu ba. Haske mai yawa a lokacin nan ɗayan biyu yake yi: ko cikin ya zube tun kafin a san da shi, ko kuma ya ci gaba lafiya lau. Wannan albishir ne ga matan da aka ɗauka hoto kafin su ga ɓatan wata, domin yawancinsu a wannan mataki suke.

Daga mako na 2 zuwa na 8 ake halittar gaɓoɓi, kuma nakasa ba ta fara bayyana sai haske ya kai tsakanin miligire 100 zuwa 200 ko fiye. Daga mako na 8 zuwa na 15 ƙwaƙwalwa ke saurin ginuwa, shi ne lokacin da ta fi rauni, kuma a nan aka fi ganin illa ga yaran Hiroshima, waɗanda suka sami ɗaruruwan miligire. Daga mako na 16 zuwa na 25 raunin yana raguwa, bayan nan kuma ya ragu sosai.

Ya kamata mu san cewa ko babu hoto, kimanin ciki 15 cikin 100 kan zube da kansa, kuma kimanin jarirai 3 cikin 100 ana haifarsu da wata nakasa. Saboda haka babu likitan gaskiya da zai rantse wa kowace mace cewa ɗanta zai fito ba tare da matsala ba. Abin da zai iya faɗa shi ne hoton bai ƙara mata wannan hatsari ba.

Saura maganar sankara, inda masana ke ɗauka cewa ko haske kaɗan na iya ƙara hatsari ɗan kaɗan. Alƙaluman ICRP sun nuna cewa cikin yara 1,000 da ba a haska ba, kimanin 997 za su girma ba tare da sankara ba. Idan an haska su da miligire 10, adadin ya koma 996. Ko da miligire 100 ne, 991 za su tsira. Wannan ya isa dalilin da zai sa a guji hoton da ba shi da amfani. Amma wane mai hankali ne zai salwantar da yara sama da 990 masu lafiya don gudun ciwon da zai sami 'yan ƙalilan, ciwon da kuma ake iya yi wa magani?

Akwai wuri guda da muke jan kunne. Sinadarin ayodin mai haske, wanda ake ba masu wasu cututtukan maƙoƙo, ba a ba mai ciki. Daga wajen mako na 10 zuwa na 12 maƙogwaron tayi kan fara tara ayodin, kuma sinadarin na iya lalata shi. Dole a yi gwajin ciki kafin a sha.

Hatsarin ƙin hoto

Nijeriya na cikin ƙasashen da tarin fuka ya fi yi wa katutu a duniya. Mai cikin da ta yi makonni tana tari, tana rama, tana gumin dare, idan aka hana ta hoton ƙirji an cuce ta an cuci abin da ke cikinta, an kuma bar sauran yaran gida suna shaƙar cutar. Wadda mota ta buge ta bugu a ka, CT na kai ne zai nuna ko jini ya taru a ƙwaƙwalwa, kuma kai yana nesa da mahaifa. Wadda jini ya daskare mata a jijiyar huhu na iya mutuwa cikin sa'o'i in ba a gano ba. Tayi ba shi da wata garkuwa da ta wuce lafiyar uwarsa.

Wasu kan tayar da hankali idan ba a rufa wa mai ciki rigar dalma ba. A sani cewa tun 2019 ƙungiyar masana na'urorin asibiti ta Amurka ta ba da shawarar a daina dogaro da ita, domin ɗan hasken da ke isa mahaifa ta cikin jiki yake bi, rigar kuma takan rufe abin da ake son gani har a sake ɗauka. Asibitoci da yawa suna amfani da ita har yau, ba laifi. Abin da ya fi ta muhimmanci shi ne na'ura mai kyau da ma'aikacin da ya san aikinsa.

Larurar gaske

To idan hoto ba hujja ba ne, mene ne hujja? Akwai lokutan da ci gaban ciki ke zama ajalin uwa.

Na farko, cikin da ya zauna a wajen mahaifa, galibi a bututun da ƙwai ke bi. Yana faruwa a ciki 1 zuwa 2 cikin 100. Ba ya rayuwa, kuma idan bututun ya fashe jini kan cika cikin mace ta mutu nan da nan. Ɓatan wata da ciwon mara ɓangare guda da jiri, alama ce ta a garzaya asibiti ko da tsakar dare ne. Na biyu, cikin da babu ɗa sai wasu ƙululai kamar 'ya'yan inabi, wanda in an bar shi yana iya rikiɗewa sankara. Na uku, hawan jini mai tsanani da jijjiga, wanda maganinsa na ƙarshe shi ne raba uwa da ciki. Idan cikin ya tsufa, haihuwa ce aka gaggauto, kuma ana sa ran ceto duka biyun. Na huɗu, zubar jini da ya ƙi tsayawa, ko faya ta fashe tun ciki yana ƙarami har ƙwayar cuta ta shiga mahaifa ta fara bin jini.

Na biyar ciwon zuciya, wanda ya shafe mu kai tsaye. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya suka ba da rahoton yawan ciwon zuciyar bayan haihuwa a tsakanin matan Hausawa, suka danganta shi da kunun kanwa da wankan jego da kwanciya a kan gadon wuta. Binciken da aka yi daga baya a Kano ya ƙara nuna hannun talauci da ƙarancin abinci mai gina jiki. Matar da zuciyarta ba ta koma daidai ba bayan wannan ciwo, sabon ciki na iya kashe ta. Irin wannan mata tazarar haihuwa take bukata tun kafin a kai ga tsaka mai wuya.

Na shida sankarar bakin mahaifa da aka gano ciki yana ƙarami. Gashin da za a yi wa ƙugu dubban miligire ne, tayi ba zai rayu ba, jinkiri kuma na iya ba cutar damar yaɗuwa. A nan ne kaɗai maganar haske da maganar raba ciki suke haɗuwa da gaske, kuma taron ƙwararru ne ke zama da iyali a duba ko za a iya jira ko ba za a iya ba.

Doka da addini

Dokar Final Kod, wadda ta fara aiki a Arewa a 1960, a sashe na 232 ta haramta zubar da ciki sai don ceton ran mace, kuma hukuncin na iya kai ɗaurin shekara 14. A 2018 Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya ta fitar da ƙa'idojin da likitoci za su bi a inda doka ta halatta. Hoton eksire ko CT na bincike ba ya cikin abin da ke barazana ga ran uwa, don haka ba ya shiga wannan rangwame.

Ta fuskar addini, malamanmu suna nan zaune, su ne masu fatawa. Abin da za mu ambata kawai shi ne mazhabar Malikiyya da muke bi ta fi sauran tsanantawa, ta hana taɓa ciki tun farkon shigarsa. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa, a zamanta na Makka a 1990, ta yanke cewa bayan kwana 120 ba a zubar da ciki sai idan amintattun likitoci sun tabbatar barinsa zai halaka uwa. Kafin kwana 120 kuwa ta yi rangwame idan kwamitin ƙwararru ya tabbatar da mummunar nakasar da ba ta da magani, iyaye kuma suka nema. Dokar ƙasarmu ba ta ambaci wannan rangwame na biyu ba. Abin lura shi ne an gina hukuncin a kan tabbaci daga ƙwararru. Zato da ji-ta-ji-ta da maganar mai kemis ba su isa ba.

Abin da ya rataya a wuyanmu

Ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya ya nuna cewa a 2020 mata kimanin 82,000 suka rasu a Nijeriya ta dalilin ciki da haihuwa, sama da kashi ɗaya cikin huɗu na duniya baki ɗaya. Zubar da ciki a ɓoye, da ƙwayoyin kemis ko jiƙe-jiƙe ko a hannun likitocin bogi, yana cikin abubuwan da ke haddasa wannan asara. Matar da aka tsorata da maganar hoto, kunya kuma ta hana ta komawa asibiti, can take nufa. Don haka kwamiti yana ba da waɗannan shawarwari.

Na ɗaya, duk macen da za a ɗauka hoto ta faɗi ranar da ta ga al'adarta ta ƙarshe, ko ba a tambaye ta ba. In akwai shakka a yi gwajin fitsari. Mun san kunyar matanmu, musamman a cikin fari, wata ko mahaifiyarta ba ta iya gaya wa. Saboda haka mai rakiya namiji ya ja gefe ya bar ta da ma'aikaciya.

Na biyu, wadda aka riga aka ɗauka kafin ta san tana da ciki, kada ta sha komai. A nemo takardar hoton, a san wane iri ne, wane sashen jiki, sau nawa, wace rana. A kai wa likitan mata, shi kuma zai tuntuɓi likitan hoto a ƙiyasta abin da ya isa ga tayi.

Na uku, a daina zuwa gidajen hoto ba tare da takardar likita ba, a kuma adana tsofaffin hotuna don kada a riƙa maimaitawa duk asibitin da aka je. Hukumar NNRA, wadda aka kafa bisa dokar 1995 ta kuma fara aiki a 2001, ita ke ba da lasisin mallakar na'urorin eksire. Haƙƙinmu ne mu tambayi gidan hoto ko yana da shi.

Na huɗu, idan likitoci suka ce ran uwa na cikin hatsari, a nemi bayani dalla-dalla, a ji ta bakin likita na biyu in lokaci ya ba da hali, a tuntuɓi malami masani, a kuma saurari ita mai cikin, domin jikinta ne da ranta. Amma inda jini ke zuba, kada a tsaya jiran wani ya iso daga gari mai nisa kafin a sa hannu.

Na biyar, muna roƙon ƙungiya ta sa na'urar sikanin da horar da wanda zai riƙe ta cikin ayyukan da za ta yi wa asibitin gida, ta kuma ware wani abu daga asusunta don jigilar masu ciki a lokacin gaggawa. Kowane reshe ya tara sunayen 'ya'yan garin nan likitoci da ungozomomi da ma'aikatan hoto da ke birninsa, don wanda ya shiga ruɗani ya san ƙofar da zai ƙwanƙwasa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Kammalawa

'Yan'uwa, kalmar da ɗayanmu zai furta a waya cikin minti biyu tana iya zama sanadin rayuwar ɗa ko mutuwar uwa, domin mutanen gida sun ɗauka duk wanda ke birni ya sani. Idan aka kira mu aka ce an yi wa wance hoto ashe tana da ciki, amsarmu ta farko ita ce a kwantar da hankali, kada a taɓa cikin, a kawo takardar. Idan kuma aka ce likitoci sun ce a raba don a ceci uwa, mu tuna da yaran da ta bari a gida suna jiran dawowarta.

Allah Ya sauki masu ciki lafiya, Ya raya mana zuriya, Ya ba marasa lafiyarmu sauƙi, Ya ƙara haɗa kan wannan ƙungiya, Ya mai da kowa gidansa lafiya.